Jif mai jan taya huɗu ko Corolla da tayar hunturu? Ku ba ni shawara

Abban Ilham: Assalamu alaikum jama'a barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu zuwa. Watan Yuni muka sauka Winifeg ta ƙasar Kanada ni da iyali, wannan ne hunturunmu na farko kuma tun yanzu a Oktoba sanyin asuba ya fara nuna mana halinsa. Ina da wata tsohuwar Corolla da nake zuwa aiki da ita, mai jan gaba ce. Jiya wani abokin aikina ya ce min wallahi in ban sayar da ita na sayi jif mai jan taya huɗu ba to in shirya kwana a rami, wai dusar garin nan ba ta raga wa ƙananan motoci. Kuɗin hannuna ba za su kai in sayi jif kuma in sa masa tayar hunturu ba, ɗaya kawai zan iya. Aikin dare nake yi, shida na safe nake tasowa, tafiyar kamar minti ashirin da biyar ce a cikin gari. Wanne ya fi?

Ɗanlami Kalgari: Wa alaikumus salam. Malam abokinka ya faɗa maka gaskiya, ka sayi jif ka huta. Shekarata shida a nan ban taɓa sa wata tayar hunturu ba, da tayar da na sayi motar da ita nake yawo kuma ko sau ɗaya ban kafe ba. Ran da aka yi dusa mai yawa sai ka ga ƙananan motoci a danja suna ta ƙugi taya na juyawa a wuri ɗaya, ni kuwa ina taka totur sai dai su hango ƙeyata. Masu sayar da taya ne kawai ke tsorata mutane don su ci kasuwa.

Maman Sadik: Ɗanlami ka ji tsoron Allah kar ka jefa bawan Allah da ƙananan yara cikin wahala. Abban Ilham sannu da zuwa, ya baƙunta. Ni a Saskatun nake, aikin asibiti nake yi kuma ni ma da asuba nake tasowa irin naka, lokacin ba a gama share tituna ba. Ka riƙe Corollarka ka sa mata tayar hunturu guda huɗu, ka ji na ce huɗu ba biyu ba. Ni da jif na fara, irin tunanin Ɗanlami na zo da shi. Hunturuna na biyu ina gangarowa wata mahaɗa gudun da bai kai arba'in ba, danja ta nuna ja na taka birki, wallahi motar nan ko a jikinta, haka ta yi ta sulalewa da ni ina salati har tsakiyar mahaɗar. Allah ne ya sa babu mai tahowa. Ranar na gane cewa tashi daban tsayawa daban.

Ɗanlami Kalgari: Hajiya wannan ai gudu kika yi

Maman Sadik: Arba'in ne gudu? To a kan wannan ƙanƙarar da irin waccan tayar eh gudu ne, abin da nake son ka gane ke nan.

Injiniya Tamfere: Salam. Bari in sa baki, ni a Finlan nake kuma a nan wannan muhawarar ma ba a yin ta. Ku lura da abu ɗaya, duk mota a duniya birkinta a taya huɗu yake, Corolla birki huɗu jif birki huɗu. Jan taya huɗu yana raba ƙarfin inji ne zuwa gaba da baya, wato aikinsa yana lokacin da ƙafarka take kan totur. Da zarar ka ɗaga ƙafa ka koma kan birki ya gama aikinsa, kai da mai ƙaramar mota kun zama ɗaya, har ma ya fi ka saboda kai ka fi shi nauyi kuma ka fi shi tsayi, in ka bugi tudun dusa a karkace kai ne ka fi saurin kifewa. Abin da ke haɗa mota da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya. Riƙon da wannan ɗan wurin yake da shi kamar kuɗin cefane ne, guda ɗaya ne, in ka kashe shi a nama babu na mai. In ka kashe shi wurin taka totur ko birki, babu sauran da za ka sha kwana da shi. A kwalta busasshiya kuɗin da yawa shi ya sa ba ma lura, a kan ƙanƙara kuwa ɗan canji ne ya rage.

Ɗanlami Kalgari: Injiniya turanci ka yi mana da Hausa. Ni dai abin da idona ya gani na faɗa, a danja ina wuce su.

Injiniya Tamfere: Ai nan ne tarkon yake ɗan'uwa. Mai jan gaba in ya tashi daga danja tayarsa ta yi santsi, titi ya riga ya aiko masa da saƙo cewa yau a bi a hankali, sai ya rage gudu. Kai kuwa motarka ta tashi lafiya lau ta ɓoye maka labarin, ba za ka san akwai santsi ba sai ka zo tsayawa, kuma lokacin ka riga ka kai saba'in. Littafin dokar tuƙi na Ingila ma ya rubuta cewa nisan tsayawa a kan ƙanƙara yana iya ninka na busasshen titi har sau goma. Ga kuma lissafin da bai canzawa, in ka ninka gudu sau biyu nisan birki sau huɗu yake ninkawa.

Baba Montiriyal: Assalamu alaikum yarana. Ni mutumin Damagaram ne, na fi shekara ashirin ina tuƙin taksi a garin nan. Duk ranar dusar farko in na bi babbar hanya ina kallon gefen titi, kat-kat, wato masu jan taya huɗu, nake gani a rami da yawa, manya manya masu tsada, mai ita yana tsaye da waya a kunne yana jiran janwe. Mu a Kebek hukuma ta raba gardama tun 2008, doka ce ka sa tayar hunturu, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, in an kama ka babu tara ce dala ɗari biyu zuwa ɗari uku. Kuma dokar ba ta ce ban da kat-kat ba. Da jan taya huɗu yana wadatarwa ai da sun cire su. Abban Ilham ɗana ka ji maganar Maman Sadik.

Abban Ilham: Na gode Baba Allah ya ƙara girma. To amma ni abin da ban gane ba, tayar da ke jikin motata an rubuta ta kowane yanayi ce, har da M+S a jiki, kuma zanenta bai sude ba. Mene ne bambancinta da ta hunturun?

Injiniya Tamfere: Robar ce ta bambanta kafin ma a zo maganar zane. Tayar da kake da ita in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 sai ta fara tauri, a sanyin Winifeg da ke kai talatin ƙasa da sifili kuwa ta zama kamar busasshiyar fata, ba ta lanƙwasa ta kama titi. Ta hunturu an haɗa robarta ta zauna da laushi cikin sanyi, kuma in ka duba za ka ga 'yan siraran tsage tsage birjik a jikin zanen, su ne ke cizon ƙanƙara su kuma tsotse ɗan ruwan da ke samanta. M+S siffar zane kawai yake nufi, laka da dusa. Abin da za ka nema a gefen taya shi ne hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a cikinsa, wannan ita ce aka gwada a dusa ta ci jarrabawa. Jamus ma tun Oktoban 2024 ta daina karɓar M+S zalla a matsayin tayar hunturu. Nan Finlan a 1934 kamfanin Nokian ya fara yin irin wannan taya, ka ga ba jiya aka fara ba.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum, ni ban taɓa ganin dusa ba sai a waya amma Hilux da Land Cruiser a hannuna suka tsufa, hanyar Dirku da Bilma na sha ta. Mu a rairayi in ba ka da kat-kat kar ma ka fara. Abin da muke yi mu rage iskar taya ta baje, mu sa giyar taimako, kuma in ka shiga tudu ba ka ɗaga ƙafa sai ka haye. Shin ba haka ake yi wa dusar ba? Ai duk abu ne mai laushi da ke haɗiye taya.

Injiniya Tamfere: Yawwa maigida, tambayarka ta fito da inda ake rikicewa. Abu biyu ne muke haɗawa a suna ɗaya. Akwai dusa mai zurfi sabuwar zuba, wannan kam 'yar'uwar rairayinku ce da lakar damina, matsalarta nutsewa, kuma a nan kat-kat sarki ne babu musu, da tsayin cikinsa da jan tayarsa. Sai kuma ƙanƙara, wato dusar da motoci suka tattake ta daskare ko ruwan da ya daskare a kan kwalta. Wannan ba ta haɗiye taya, tana da tauri kamar gilashi, matsalarta babu abin kamawa. Ka tuna simintin banɗaki da ruwan sabulu. Duk dabarar rairayi a nan juyewa take, in ka ƙi ɗaga ƙafa motar ta juya da kai, in ka rage iska a titi ka lalata taya a banza kuma sanyi ma da kansa yana rage ta, kusan awo ɗaya na psi duk saukar digiri biyar ko shida. Har faɗin taya ma, ku mai faɗi kuke so, mu a hunturu siririya ta fi don ta yanka taɓon dusa ta taɓo ƙasa.

Ɗan Agadas: Ikon Allah. To ashe da na zo da na kunyata

Bala Tirela: Hhhh da ka kunyata kam maigida. Ni tirela nake ja tsakanin Alberta da Biritish Kolumbiya, ina so in ƙara wani abu a kan giyar taimakon da ya ambata don mutanenmu da yawa suna sayen a-kori-kura ba su san me suka saya ba. Ba duk jan taya huɗu ne iri ɗaya ba. Irin na Hilux da yawancin a-kori-kura, kullum baya ne ke ja, sai ka sa 4H sannan gaba da baya su ƙulle su riƙa juyawa daidai da juna. To a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa, in kana kan dusa sai taya ta ɗan zame abin ya wuce, in kuwa kwalta busasshiya ce sai ka ji motar tana cijewa tana tsalle kamar jaki, haka mutum zai yi ta yi har ya kashe akwatin raba giya. Matsalar titunan hunturu kuwa nan ƙanƙara can busasshe, ka sa ka cire ka sa ka cire. Shi kuma 4L na fita daga rami ne ko jan kaya a hankali, wanda ya sa shi a titi mai santsi in ya ɗaga ƙafa inji kaɗai ya isa ya ja tayoyin su zame. Irin na RAV4 da CR-V kuma AWD ne, gaba ke ja sai kwamfuta ta ji santsi ta tura wa baya ƙarfi da kanta. Subaru da manyan Land Cruiser kullum huɗun na aiki. Duk cikinsu babu wanda ke ƙara maka birki.

Bala Tirela: Kuma a-kori-kura in babu kaya a bayanta ta fi kowa wutsiya, bayan ba nauyi, shi ya sa za ka ga turawa sun jera buhunan yashi a kan aksul na baya duk hunturu.

Ɗanlami Kalgari: To ku duka kun taru a kaina. Amma ku faɗi gaskiya, ran da aka zuba dusa har gwiwa kuma motar shara ba ta shigo layinku ba, Corolla za ta fita? Ko tudun da motar sharar ke tarawa a bakin get? Ni na sha jawo mutane da igiya har da masu tayar hunturun naku.

Maman Sadik: A nan kam ka yi gaskiya ba zan ƙi ba. In cikin mota ya hau kan dusa tayoyi suka rataye babu tayar da za ta cece ka. Wanda ke zaune a ƙauye ko gona ko gari mai tuddai, jif da tayar hunturu a haɗe shi ne magana. Amma shi ɗaya ya ce zai iya, kuma Winifeg shimfiɗe take kamar faranti babu tudu. Ka auna abin da kowanne zai jawo masa, in ya kafe a layi zai makara aiki ya sha shebur, in birki ya ƙi a mahaɗa kuwa motar wani ce ko mai tafiya a ƙasa. Kwana nawa ne a shekara dusa ke kai gwiwa? Santsin mahaɗa kuwa tun Nuwamba har Maris kullum yana nan.

Malam Habu Winifeg: Maƙwabci sannu da zuwa, ashe gari ɗaya muke. Abin da Hajiya ta faɗa game da mahaɗa haka yake. Gishirin da ake zubawa a titi in sanyi ya wuce kamar goma sha biyu ƙasa da sifili ƙarfinsa ya ragu sosai, mu kuwa a Janairu ashirin ƙasa da sifili abin yau da kullum ne, shi ya sa yashi suka fi watsawa. Kowace mota ta zo danja ta ja birki ta kuma murza taya wurin tashi, haka suke goge wurin har ya koma madubi. Lardinmu na Manitoba bai tilasta tayar hunturu ba amma hukumar inshorar mota ta lardin tana ba da bashin sayen taya a biya a hankali. Kuma an yarda da taya mai ƙusoshi daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, ni ita nake sawa, tana da ƙara kamar ana soya gyaɗa amma a kan madubin nan babu kamarta.

Abu Hanifa: Malam Habu bashin nan akwai ruwa a ciki fa, a dai faɗa masa ya sani

Malam Habu Winifeg: Akwai, na manta ban faɗa ba, shi ya sa ni ban karɓa ba. Gwanjo na saya. Abban Ilham in gwanjo za ka saya ka duba lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 3521 sati na 35 ke nan a 2021. In ta haura shekara shida ka bar musu kayansu ko da zanen na da kyau don robar ta bushe. Ni wani ya taɓa sayar min da tsofaffi a intanet ya shafe su da mai suna ƙyalli, sai da mai faci ya nuna min lambar na gane an yi min sakiyar da ba ruwa. Ka samu da ƙarafunansu daban, canjin ya fi sauƙi da araha duk shekara.

Ummi Dallas: Ƙusoshin nan ba ko'ina aka yarda da su ba fa, yayana yana Minesota ya ce haramun ne a can, kudancin Ontariyo ma haka saboda suna cinye kwalta. Ni dai abin da zan ce wa Ɗanlami, ka zo Teksas ka ga manyan a-kori-kura, kusan kowane gida akwai. 11 ga Fabrairun 2021 aka yi yayyafi ya daskare a kan babbar hanyar I-35W a Fort Worth da asuba, mota sama da 130 suka yi karo da juna mutum shida suka rasu. Duk wanda ya ga bidiyon ya ga manya da ƙanana da tireloli suna shigowa babu mai iya tsayawa. Tun ranar in aka ce za a yi ruwa mai daskarewa ko ƙofa ba na leƙawa.

Bala Tirela: Allah ya kiyaye. Wannan ita ce baƙar ƙanƙara, ba baƙa ba ce a gaskiya, siririya ce garau kana hango kwalta ta cikinta sai ka ɗauka titi ne ya jiƙe. Gada da hanyar sama su ke fara daskarewa don iska na bi ta ƙarƙashinsu, sai wurin inuwa. Yadda nake ganewa, in titi na sheƙi amma tayoyin motar gabana ba sa feshin ruwa, kuma ƙarar taya ta yi shiru, to na san a kan me nake. Kuma abin mamaki ƙanƙara ta fi santsi lokacin da sanyi ke kusa da sifili fiye da ranar tsananin sanyi, saboda ɗan ruwan da ke kwance a samanta. Ranar da ka ji gari ya yi daɗi ranar za ka fi kula. Mu nan Biritish Kolumbiya hanyoyin duwatsu irin Kokihala daga 1 ga Oktoba doka ce tayar hunturu ga ƙananan motoci, mu manya kuma sarƙa, har ƙarshen Afrilu.

Abban Ilham: Wallahi jikina ya yi sanyi. To in mota ta fara zamewa da mutum me zai yi? A gida an koya mana a riƙa dannan birki ana saki.

Baba Montiriyal: Wannan na motocin da ne ɗana. Taka tana da ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, ka taka ka danne kar ka saki, za ka ji feda tana kakkarwa a ƙafarka tana gurnani, ba lalacewa ta yi ba aikinta ke nan, kuma kana iya murza sitiyari a haka. Mutane da yawa nan suke tsorata su ɗaga ƙafa. In ka murza sitiyari hancin mota ya ƙi bi ya miƙe, kar ka ƙara murzawa, ka sassauta totur ka ɗan warware har tayar gaba ta kama. In baya ne ya fara zagayowa ka kai idonka inda kake son zuwa hannunka zai bi, kar ka kalli turken fitila don wanda ka kalla shi za ka buga. Birki kafin kwana ake gama shi ba a cikinta ba. Ka kashe abin nan mai riƙe gudu da kansa. Ka bar tazara mai yawa, in wani ya shige ka bar shi ya shige. Sannan ranar dusar farko ka nemi filin fakin da babu kowa, ka taka birki da gangan sau goma ka ji yadda take yi. Duk yaran da na koya wa taksi daga nan muke farawa.

Ɗan Kwari: Mu da ke Kano muna karatu muna shan fanka 😂 ku dawo gida kawai. Amma dai yau na gane dalilin da ya sa motocin Kanada da ake kawowa ta Kwatano sama sumul ƙasa duk tsatsa, ashe gishirinku ne. Jif nawa na leƙa ƙarƙashinsa na fasa saye.

Malam Habu Winifeg: Shi ne Alhaji, ba ka yi kuskure ba. Shi ma Abban Ilham in ya je sayen jif mai araha abin da zai tarar ke nan, ga mai da ya fi sha, ga taya mai girma ta fi tsada, kuma AWD in taya ɗaya ta fashe sau da yawa sai an canza duka don kar tsayinsu ya bambanta ya wahalar da giya.

Maman Sadik: Ƙarin abu ɗaya tunda da asuba kake tafiya. Ka ajiye shebur da bargo da safar hannu da igiyar haɗa batir da ɗan buhun yashi a but, mai kar ya sauka ƙasa da rabin tanki. In Allah ya sa ka maƙale cikin guguwa ka zauna a mota, amma kafin ka kunna hita ka fita ka tone bakin salansa, in dusa ta toshe shi hayaƙin ciki yake dawowa kuma ba shi da wari, barci kawai mutum zai ji. Guguwar garin Bafalo na Amurka ta Disambar 2022 ta kashe mutum sama da arba'in, wasu a cikin motocinsu aka same su. In hukuma ta ce kar a fita, da jif da Corolla duk a zauna.

Ɗanlami Kalgari: Na ji. Ni dai har yanzu jif ɗina ya fi min. Amma Injiniya wannan mai hoton dutsen, akwai wadda ba sai an cire ta da bazara ba? Don ni canje canjen ne ba na so

Injiniya Tamfere: Akwai, irin su Michelin CrossClimate da Nokian WR, suna da tambarin kuma ana barinsu duk shekara. Ba su kai ta hunturu zalla a kan ƙanƙara ba amma sun fi wadda kake kai nesa ba kusa ba. Ashe dai ana ji 😄

Ɗanlami Kalgari: Madam ce ta karanta ta ce in tambaya

Abban Ilham: Salam jama'a na dawo da rahoto bayan sati biyar. Na bar Corolla, Malam Habu ya raka ni muka samo taya huɗu da ƙarafunansu, na 2022 ne, Allah ya saka masa. Na je filin fakin kamar yadda Baba ya ce, karon farko da feda ta yi gurnani wallahi sakinta na yi, sai a na uku na iya dannewa. Shekaranjiya wata babbar mota a gabana ta wuce layin danja da kusan tsawonta, ni na tsaya a bayanta lafiya. Amma Ɗanlami kar ka yi dariya, ranar Talata na kafe a lungun bayan gidanmu, cikin motar ya hau tudu, minti arba'in ina shebur sai da wani maƙwabci dattijo ya fito ya tura ni.

Ɗanlami Kalgari: Hhhhh ban ce komai ba

Abban Ilham: Yanzu matsalar da ta rage tayoyin bazarar, suna baranda kuma Maman Ilham ta ce ko su ko ita. Ina kuke ajiye naku?

Malam Habu Winifeg: Kawo su garejina akwai wuri, ka sa alli ka rubuta wacce ta gaba wacce ta baya kafin ka zo. Kuma ka duba gaban motarka akwai igiyar wuta ta ɗumama inji? Satin gobe an ce za a kai talatin ƙasa da sifili.